TURURUWA A GIDA DA GINDIN RUMBU: A NEMI UWAR, A BAR ƊIYAN

Kowace shekara, idan kaka ta yi, manomi yakan ƙirga dammansa, ya rufe rumbu, ya yi wa Allah godiya. Yakan yi lissafin ɓarnar fara da ta tsuntsaye da ta ɓeraye, domin su ana ganin aikinsu da ido. Amma akwai wani ɓarawo da ba a cika sa shi cikin lissafi ba, saboda ƙanƙantarsa. Ƙwaya ɗaya ɗaya yake ɗauka, ba ya hayaniya, ba ya hutawa, kuma gidansa yana nan cikin gidanmu ko a gindin rumbunmu. Wannan ɓarawo shi ne tururuwa da danginta.

Wanda ya raina aikin tururuwa ya tambayi dattawa. A shekarun yunwa, kamar 1973 da 1974, da 1984, har ma da 2005, mata da yara a ƙauyuka da yawa na ƙasarmu sun riƙa tonon gidan tururuwa, suna sheƙe ƙasa, suna fitar da ƙwayoyin haki da na hatsi da ta tara, su daka su ba iyali. Ramin da mutane za su tona su sami abin sa wa tukunya, ai kun ga ba ƙaramin rumbu ba ne. Idan ramin yana daji, haki take tarawa. Idan yana kusa da masussuka ko rumbu, guminmu take tarawa.

Masu karatu da yawa suna kokawa cewa sun sayi magani sun fesa, bayan kwana biyu tururuwa ta dawo kamar ba a yi kome ba. Dalilin wannan shi ne muna yaƙi da waɗanda muke gani a fili, alhali tushen yana ƙarƙashin ƙasa. Ga bayanin yadda abin yake, da dubarun da kowane magidanci da kowace uwargida za su iya aiki da su ba tare da sun jefa iyali cikin haɗari ba.

KOWACE DA SUNANTA, KOWACE DA HALINTA

Masana sun ba da suna ga irin tururuwa fiye da 13.000 a duniya. Mu Hausawa mun san waɗanda muke zaune da su, kuma mun raba musu suna tun kaka da kakanni. Wajibi ne a san wadda ta shigo gida, domin maganin wata ba ya yi wa wata.

Tururuwa ta ainihi ita ce baƙa mai babban kai, mai jidar hatsi. Ana gane gidanta da filin da take sharewa fes kewaye da bakin rami, da tarin ƙaiƙayi da take fitarwa waje bayan ta ɓare ƙwaya. Takan fita a jere da sanyin safiya, da marece, da dare. Ba ta damu da sukari ba sosai. Ƙwaya take nema.

Kiyashi shi ne ɗan mitsitsin nan ja-ja ko ruwan ƙasa, abokin gaban uwargida. Sukari, zuma, man gujiya, ƙuli-ƙuli, sauran nama, ba abin da yake bari. Gidansa yana cikin tsagar bango, ko ƙarƙashin daɓe, ko bayan akwati.

Cinnaka baƙi ne, ɗan madaidaici, mai zafin harbi. Shi ne ke tada yaro daga barci a kan tabarma. Ba banza ba Hausawa suka ce cinnaka bai san na gida ba. Yana son wuri mai laima: gindin randa, bakin makwarara, inuwar itace da ake ba ruwa.

Kwarkwasa ba ta da gida na dindindin. Takan zo da runduna, ta mamaye wuri, ta cinye duk abin da bai iya gudu ba, ta wuce. An fi ganinta da damina da kuma wuraren da ruwa ya wadata, kamar yankin Gaya da bakin fadamu.

Gwano, wanda aka ce ba ya jin warin jikinsa, babba ne baƙi. Ba ya taɓa hatsi. Ƙwari yake farauta, musamman gara.

Ita kuwa gara ba dangin tururuwa ba ce ko kaɗan, ko da yake mutane sukan haɗa su. Masana sun tabbatar danginta na kusa shi ne kyankyaso. Ga yadda za a bambanta su: tururuwa tana da siririn ƙugu da ƴan ƙahonni masu lanƙwasa kamar gwiwar hannu, gara jikinta fari-fari ne mai laushi, ba ta da ƙugu, kuma tana tafiya cikin rufin laka don gudun haske. Gara itace da kara take ci. Yaƙi da ita wani babi ne dabam.

ABIN DA KE CIKIN RAMI

Gidan tururuwa gari ne guda mai tsari. A can ƙasa akwai uwa, wadda ba ta da wani aiki sai yin ƙwai. Ƙwai yakan zama tsutsa, tsutsa ta kwanta ta rikiɗa, sannan ta fito cikakkiyar tururuwa. Duk waɗanda muke gani suna kai da kawowa mata ne waɗanda ba su haihuwa. Wasu suna renon tsutsa, wasu suna gina ɗakuna, wasu suna tsaron ƙofa. Masu fita neman cimaka kashi kaɗan ne daga cikin jama'ar garin, kuma yawanci tsofaffin ne, waɗanda kwanansu ya kusa ƙarewa. Mai aiki takan yi ƴan watanni, ko shekara ɗaya zuwa biyu, a duniya. Uwa kuwa tana iya yin shekaru da yawa. Akwai wadda aka ajiye a ɗakin bincike a Turai ta haura shekara 25.

To, ƴan uwa, ku duba. Wanda ya fesa magani a kan layin tururuwa ya kashe dubu, ya kashe tsofaffin ma'aikata ne kurum. Uwa tana nan lafiya lau, kuma cikin ƴan makonni za ta mayar da gurbinsu.

Abu na biyu da ya kamata a sani shi ne yadda suke gane hanya. Idan ɗaya ta tarar da abinci, takan koma gida tana shafa wani ƙamshi a ƙasa, wanda hancinmu ba ya ji. Ƴan uwanta su bi wannan ƙamshi, kowace ta ƙara nata. Shi ya sa gutsuren sukari ɗaya yake jawo ɗaruruwa cikin ɗan lokaci. Idan aka wanke hanyar da ruwan sabulu, sai su ruɗe.

Abu na uku: tururuwa ba ta ci ita kaɗai. Wadda ta sha ruwan zaƙi takan riƙe shi a cikinta, ta koma gida ta ɗura wa ƴan uwanta baki da baki, su kuma su ɗura wa tsutsa da uwa. Wannan hali nata shi ne ƙofar da za mu bi mu kai ga uwar, kamar yadda za mu gani nan gaba.

Da farkon damina, bayan ruwa ya sauka, sai mu ga masu fiffike sun fito suna tashi. Hausawa suka ce in tururuwa ta so lalacewa sai ta yi fiffike. Karin maganar ta yi daidai a kan mazan, domin su bayan barbara mutuwa suke yi, kuma yawancin matan tsuntsaye da ƙadangaru ne ke cinye su. Amma macen da ta tsira takan karya fukafukanta da kanta, ta tona ɗan rami, ta kafa sabon gari. Saboda haka watannin Yuni da Yuli ne lokacin da ya fi dacewa a zagaya gida a duba sababbin ramuka, tun suna da ɗan zurfi.

MATAKIN FARKO: A HANA TA CI, A HANA TA SHA

Tururuwa ba ta zama inda ba ta samun kome. Gidan da ta yi wa yawa, akwai abin da ke ciyar da ita. Kafin a kashe ko dala wajen sayen magani, a fara da waɗannan.

A zuba sukari, gari, ƙuli-ƙuli da kilishi cikin abin da ke da marfi mai kamawa sosai, kamar gwangwani ko kwalba mai murɗi. Leda ba ta hana kiyashi, yana huda ta.

A wanke kwanonin tuwon dare a daren, kada a bar su sai da safe. A share wurin daka da wurin sheƙa da zarar an gama, a ba kaji tsakin nesa da ɗaki. Wurin shan shayi ma a zuba masa ruwa a share, domin ɗigon da ke zuba a ƙasa yana daga cikin manyan abubuwan da ke kiran kiyashi.

A gyara famfon da ke yoyo, a ɗora randa bisa duwatsu ko murhun ƙarfe don gindinta ya riƙa bushewa. Da rani, ruwa ne ke kawo tururuwa cikin gida fiye da abinci.

A bi layin a ga inda suke shigowa. A wanke hanyar da ruwan sabulu, sannan a liƙe tsagar da laka ko siminti. A sare reshen itace da ke taɓa bango ko rufin ɗaki, domin gada ce gare su.

Teburin ajiye abinci da gadon jariri, a sa ƙafafunsu cikin gwangwanaye masu ruwa da ɗan sabulu, a janye su daga jikin bango, kada kuma zane ya sauka ya taɓa ƙasa. A canza ruwan kowane kwana uku ko huɗu don kada sauro ya yi ƙwai a ciki.

Toka, garin tonka da ganyen bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro, duk suna da amfani wajen tare hanya, kuma iyayenmu sun daɗe suna aiki da su. Amma a sani kora suke yi, ba su kai ga uwa. Idan iska ta kwashe toka ko raɓa ta jiƙa ta, sai an sake zubawa.

Wannan tsabta ba ta tsaya ga gidaje kaɗai ba. Daga cikin kiyashin da ke zama cikin gine-gine akwai wanda masana ke kira tururuwar Fir'auna, tsawonsa bai wuce milimeta 2 ba. A shekarar 1972 an bincika shi a wasu asibitocin Ingila, aka tarar yana ɗauke da ƙwayoyin cuta iri-iri a jikinsa, domin yakan bi ta makwarara da tsummokaran ciwo, sannan ya hau abinci. Ya kamata shugabannin gidajen likita, da masu kula da abincin ƴan makaranta, da masu sayar da abinci a tasha su riƙe wannan.

RUMBU DA IRI

Kafin a sa sabon hatsi, a fitar da tsohon gaba ɗaya, a share cikin rumbu ko rufewa, a ƙone sharar nesa da gida. A yaɓe duk wata tsaga. A duba duwatsun da rumbu ke zaune a kansu: idan ƙasa ta taru har ta taɓa gindinsa, a kwashe ta, iska ta riƙa ratsawa. A nome ciyawa a share fili kamar taki uku kewaye da shi, domin a fili mai tsabta ne ake saurin ganin layin tururuwa da rufin gara. A zagaye kowane dutse da toka mai kauri. Kada a jingina kara, tsani ko itace a jikin rumbu a bar shi ya kwana.

Wanda zai gina sabon rumbu ko ya zaɓi masussuka, ya fara zagaya wurin da marece. Idan akwai gidan tururuwa kusa, ya matsa. Sauya wuri ya fi arha bisa yaƙin shekara da shekaru.

Hatsin da aka sussuke da wake, a shanya su su bushe ƙarau, sannan a zuba cikin tano ko bido mai rufewa ruf, ko cikin buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu tun 2007, tare da haɗin gwiwar masu binciken INRAN na Maraɗi. Irin wannan ajiya ba ta bukatar magani ko kaɗan, domin rashin iska ne ke kashe ƙwarin da ke ciki. Sai dai a ɗora buhunan bisa katako, nesa da bango, saboda idan ɓera ko ƙwaro ya huda ledar, aikin ya ɓaci.

A gona ma tururuwa takan kwashe irin da bai nutse ba, musamman a shukar binne da ke daɗewa tana jiran ruwa. A rufe rami da kyau a taka shi. Masu aikin farfaɗo da ƙasa, waɗanda ke watsa irin haki cikin ramukan rabin wata, su jira ruwa ya sauka kafin su watsa, kuma su rufe shi da ɗan rairayi. In ba haka ba, tururuwa suka yi wa aiki.

YADDA AKE KAI GA UWA

Idan an yi duk wannan amma kiyashi bai bar ɗaki ba, sai a yi masa tarko da halinsa na rabon abinci. Dubarar ita ce a ba shi abinci mai zaƙi da aka sa wa guba kaɗan, wadda ba ta kisa nan take. Mai ɗauka ta sha, ta isa gida da ranta, ta raba wa na ciki har uwa.

Abin da aka fi sani da wannan aiki shi ne farin garin nan da ake kira asid borik, wanda ake tambaya a farmasi. Ga awon: ruwa rubu'in lita, sukari ƙaramin cokali 9 ko 10, asid borik rabin ƙaramin cokali. A motsa har ya narke. A jiƙa auduga da shi, a sa cikin ƙaramin gwangwani mai marfi, a huda ƴan ƙofofi a gefe, a ajiye kan hanyarsu, inda yaro ko kaza ba za su kai ba. A rubuta a jikin kwalbar da aka ajiye sauran cewa guba ce.

Akwai kurakurai uku da ke ɓata wannan aiki. Na farko, ƙara yawan garin don a yi sauri: idan ya yi yawa, ko su ƙi sha, ko su mutu a hanya kafin su isa gida. Na biyu, kashe su idan an ga sun taru a bakin gwangwani: taruwar ita ake so, a ƙyale su. Na uku, barin wani abinci a buɗe kusa da tarkon. A riƙa sabunta audugar kafin ta bushe, a kuma yi haƙuri, domin aikin yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci fiye. Idan an lura kiyashin ya fi son maiƙo, sai a cuɗa ɗan garin da tunkuza ko man gujiya.

A kan tururuwar Fir'auna feshi ma ƙara ta yake yi. Gidanta yana da uwaye da yawa. Idan ta ji warin magani, sai garin ya rabu, kowace uwa ta ɗebi ma'aikata da tsutsa ta koma wata tsaga. Gida ɗaya ya zama biyar.

Ramin cinnaka ko na tururuwa da ke tsakar gida, inda yara ke wasa, ana iya zuba masa tafasasshen ruwa. A yi da sanyin safiya, lokacin da suke kusa da baki. A buɗe bakin ramin da sanda, a zuba bokiti guda, wato lita 10 zuwa 12, a hankali don ya nutse. Ƙaramin rami yakan mutu da zubi ɗaya ko biyu. Tsohon gidan tururuwa mai jidar hatsi kuwa yana da zurfi da ɗakuna da yawa, sai an tona an maimaita. A kawar da yara kafin a ɗauko ruwan, kuma kada a zuba shi gindin itace, zai ƙone saiwa.

IDAN KWARKWASA TA SHIGO

Garin kwarkwasa ɗaya yana iya kai miliyoyi, kuma masu aikinta makafi ne, ƙamshi kurum suke bi. Ba a tare ta da tsintsiya. Idan ta doshi gida da dare, abin yi na farko shi ne a ɗauke jarirai, da tsofaffi, da marasa lafiya da ba su iya tashi. A buɗe akurki a saki kaji da ƴan tsaki, a kwance dabbar da ke ɗaure, domin abin da ke tsare ne take kashewa. Sannan a zuba toka mai ɗumi a gaban layin don a karkatar da shi. Idan ta riga ta cika ɗaki, a fita a bar mata. Cikin ƴan sa'o'i za ta wuce, kuma za ta tafi da kyankyasai da sauran ƙwarin da ke ɓoye a ciki.

Harbin cinnaka da cizon kwarkwasa yawanci zafi ne da ƙaiƙayi kurum. A wanke wurin da sabulu, a ɗora tsumma mai sanyi. Amma akwai mutanen da jininsu ba ya ɗaukar dafin. Idan fuska ko leɓe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko jiri ya kama mutum, a garzaya da shi gidan likita nan da nan, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

ITATUWAN GIDA DA GARKA

Idan aka ga tururuwa na hawa da sauka a jikin lemu, mangwaro ko gwaba, a duba bayan ganye. Za a tarar da ƙananan ƙwari masu tsotson ruwan itace, masu fitar da darɓa. Darɓar nan tururuwa ke sha, kuma saboda ita take tsaron waɗannan ƙwari kamar yadda makiyayi ke tsaron garke, tana korar masu cin su. A nan sai a yi abu biyu. A wanke ganyen da ruwan sabulu ko ruwan ɗiyan bedi: a daka busassun ɗiya giram 500, a jiƙa cikin lita 10 na ruwa ya kwana, a tace, a fesa da marece. Sannan a naɗa leda ko tsumma a jikin itacen, a shafa abu mai danƙo a kansa don a yanke hanya. Kada a shafa baƙin man mota kai tsaye a kan ɓawo, yana kashe itace.

MAGANIN DA YA FI CUTAR HAƊARI

Nan ne muke roƙon masu karatu su buɗe kunne. Ba a cika jin tururuwa ta kashe mutum ba, amma maganin ƙwari yana kisa.

A da ana zuba garin DDT da diyaldirin a ramuka da gindin rumbu. Daga baya aka gane ba su ruɓewa. Suna zama cikin ƙasa da ruwa shekara da shekaru, su shiga jikin dabba da na mutum, har cikin nonon uwa. Yarjejeniyar da ƙasashen duniya suka sa wa hannu a birnin Istokolm a 2001, wadda ta fara aiki a 2004, ta hana diyaldirin, ta kuma taƙaita DDT ga yaƙi da ƙwari masu yaɗa cuta, kamar sauro, a hannun hukumomin lafiya. An ƙara lindan cikin jerin a 2009. Wanda ya tarar da tsohon gwangwanin irin waɗannan a mangaza, kada ya yi aiki da shi, kada ya zubar. Ya sanar da ma'aikatan gona.

A kasuwanninmu kuma ana sayar da ruwan nan da ake kira piya-piya cikin ƙananan kwalabe marasa takarda. Guba ce mai ƙarfi da ke shiga ta fata da ta numfashi. Yayyafa ta a ɗakin kwana, ko kusa da abinci, ko a kan katifa, ganganci ne da ran iyali. Haka ƙwayar nan da ake sa wa buhunan wake, wadda ke fitar da iska mai kisa: ba a yi ta don ramin tururuwa ba, kuma ta sha hallaka mutanen da suka kwana ɗaki ɗaya da ita. Akwai kuma allin kashe ƙwari, wanda yara ke ɗauka allin makaranta ne su sa a baki. Isansi, gazuwal da kananzir su ma kada a zuba su a rami: suna gurɓata ƙasa da ruwan rijiya, kuma gobarar rumbu ba ta da wuya.

Idan ya zama dole a yi aiki da magani, a nemi shawarar ma'aikacin gona ko na hukumar kare tsirrai. Ƙasashen ƙungiyar CILSS suna da kwamiti guda, mai aiki tun 1994, wanda ke tantance magungunan ƙwari kafin a yarda a sayar da su, kuma maganin da ya amince da shi yana ɗauke da lambarsa a jikin takarda. Ku da kuka yi yaƙi da jahilci, ga ranar karatunku: ku karanta takardar, ku karanta wa maƙwabta. Ku dubi launin da ke gindinta: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai tsanwa. Kada a juye magani cikin kwalbar lemu, kada a mayar da gwangwaninsa abin ɗiban ruwa ko mai.

Alamun guba ta kama mutum su ne dalalar miyau, zufa, amai, ciwon ciki, rawar jiki da wuyar numfashi. A fitar da shi cikin iska, a tuɓe masa tufafin, a wanke jikinsa da sabulu. Kada a ba shi madara ko mai, kada a tilasta masa amai. A kai shi likita tare da kwalbar maganin, domin ita za ta nuna abin da za a ba shi.

BA DUKA AKE KASHEWA BA

Tururuwar da ke daji da bakin gona tana da nata amfani. Ramukanta suna buɗe ƙasa ruwa ya nutse, tana kwashe mushen ƙwari, tana cin ƙwan masu ɓarna. Gwano da danginsa suna rage mana gara. A ƙasar Benin, maƙwabciyarmu, bincike ya nuna cewa jar tururuwar nan mai ɗinke ganye ta yi gida a kan itace tana kare mangwaro daga ƙudan da ke sa masa tsutsa, har ana shawartar masu garka su bar ta. Manoman lemu na ƙasar Sin sun fi shekara 1.600 suna aiki da irin wannan dubara.

Malamanmu ma sun yi magana a kan haka. Akwai sura guda a Alƙur'ani mai sunan tururuwa, kuma hadisi ya yi hani ga kashe ta haka kurum da ƙona gidanta da wuta. Littafin Risala, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya nuna babu laifi a kashe ta idan ta cutar kuma ba a iya kauce mata, amma barinta ya fi in da hali. Ashe ke nan abin da ake nema shi ne a raba ta da ɗaki, da rumbu, da wurin wasan yara, a bar ta inda ba ta cutar kowa.

AIKIN GAYYA NE

Tururuwa ba ta san iyakar gida ba. Ramin da ke gidan maƙwabci, rumbunka yake ci. Tsintsiya ɗaya ba ta shara. Muna kira ga masu unguwanni, da hakiman ƙauyuka, da ƙungiyoyin mata da na manoma, su tsayar da rana biyu a shekara: ɗaya da farkon damina don duba sababbin ramuka, ɗaya kafin a sa hatsi a rumbu don shara da yaɓe. Malaman yaƙi da jahilci su karanta wannan bayani a azuzuwansu, ma'aikatan gona da na lafiya su ƙara haske inda ake bukata. Mahukunta kuma su sa ido a kan magungunan da ake kasawa a kasuwa kusa da kayan miya.

Allah ya tsare mana abin da muka noma, ya ba mu lafiyar cinsa.